Sunana a Shafin Ƙarshe

Shanghai, 3 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Yaya Zhenduo,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Ina fata kuna lafiya a Vancouver, ina kuma roƙa wa Baba sauƙi. Mu nan ƙalau. Tarin maigidana Shouren ya lafa, 'yarmu Xiaohe ta shiga aji uku.

Ranar Litinin ofishin ma'aikatarmu ya karɓe fasfona. Ba zan zo duba Baba a watan nan ba. Wasiƙar nan ta hannun Goggo Meizhen za ta zo, ba ta gidan waya ba, don haka zan faɗa maka dalili.

Shekara huɗu Shouren yana fama da na'urar lesa, mai harba haske, wadda ke aiki da tururin gishirin zaiba. Wutar lantarki takan taru wuri guda a cikinta, ta ƙone komai. Shi ya haɗa abin da ke fara ratsa tururin da hasken eksire, irin na hoton ƙirji, don wutar ta bazu daidai. Yanzu tana ba da haske tsanwa mai ratsa ruwan teku. Da muka nemi izinin tafiya, shugaban sashensu, Tsoho Dou, ya ce na'urar nan mutum ɗaya take jin maganarsa, dole Shouren ya rubuta yadda ake sarrafa ta sannan mu tafi.

Ka san rubutun surukinka, shi kansa ba ya iya karantawa. Na karɓa na gyara yadda na saba a gidan jarida, na sa wa kowane zane lamba, shafi tamanin da shida. Ya fito tsaf, har wasu manya daga Beijing suka gani suka buga masa hatimin sirri. Duk mai suna a ciki ba ya barin ƙasa sai bayan shekara uku. Ni kuwa na sa nawa a shafin ƙarshe, a matsayin mai gyara. Tsoho Dou ya kira ni Malama Jan Biro, ya tambaye ni wa ya aike ni, wai da na bar kurakuran da babu wanda zai kai shafi na biyu. Shouren kuwa sai haƙuri yake ba ni.

Kada ka ambata wa Baba shekara uku. Ka ce takardu ne suka yi jinkiri.

Ka gaida Yaya Suyun da tagwaye, ka riƙe mini hannun Baba. Na miƙa takardar likitansa ga kwamitin da ke ba da izinin tafiya, za su zauna ranar sha biyar. Magatakardar kwamitin ta ce ta ji ana iya ba mai gyara izinin fita na kwana goma. Ban gani a rubuce ba.

Ƙanwarka,
Peiqiong