Na Kunna wa Sarkin Tasha Kaset Ɗin Baba Illo

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yi saurin zagina, na riga na zagi kaina har na gaji.

Ɗalibi ne ni a Yamai, binciken kammala karatuna kuwa a kan shugabanci ne a wurin aiki. Na zaɓi wata tasha a yankin Konni, inda taksi ke lodin Dogarawa. Malaminmu ya sha nanata mana cewa tambayoyin takarda ba sa fito da abin da ke cikin mutum, sai an zauna an yi hira an ɗauka a kaset, a kuma yi alkawarin ba mai ji sai mai binciken. To amma wa zai shiga tasha da rikoda ba da izinin sarkin tasha ba? Shi ya gabatar da ni ga direbobi, shi ya ba ni ɗaki a gidansa, tuwonsa nake ci safe da yamma. Duk direban da na tambaya sai ya ce shugaba adali ne, Allah ya ƙara masa lafiya. Addu'a kawai nake ta tarawa a kaset, har wani dattijo da zan kira Baba Illo ya ja ni bayan motarsa, amininsa Sa'idu na gefe yana canza taya, ya zayyana mini yadda ake tsallake layin lodi a ba 'yan gaban goshi, shi ya wuni a rana ba fasinja.

Wata rana bayan la'asar sarkin tasha ya ce, "Ɗana, ba ka jiyar da ni ko kaɗan? Ni ma in san inda zan gyara." Na kauce, ya sake, na kauce, daga ƙarshe kunya ta ci ni. Yaya zan hana mutumin da nake kwana a gidansa? Na yaudari kaina cewa ai ba suna a ciki, ga ƙarar injuna. Na kunna kaɗan. Da Baba ya yi tarin nan nasa a kaset, wanda kowa a tasha ya san shi da shi, sai sarkin tasha ya yi murmushi ya ce ya isa. Ba a daɗe ba aka cire Baba daga layi, yanzu a bakin hanya yake tsintar fasinja.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne bai taɓa zargina ba. Sa'idu yake zargi. Mutanen da suka tashi tare tun suna samari, yau ko gaisuwa babu, har sunan jikan Sa'idu ya ƙi zuwa. Ni kuwa malamina ya ce hirar Baba ce ƙashin bayan aikina, in koma in ji yadda sana'arsa ta kasance. Na koma. Baba ya saya mini shayi, ya ce, "Kai ɗai na yarda da kai. Kunna abin ga, yau har abin da Sa'idu ya yi mani sai na hwaɗa maka." Na ce batir ya mutu.

In na faɗi gaskiya na wanke Sa'idu, amma da wane ido zan dubi Baba? In na yi shiru, zan zauna in ɗauki zagin mutumin da bai yi laifin komai ba, in sa a bincikena. Wallahi na gaji. Baba ya ce in sayo batir in dawo ranar kasuwa. Me zan yi?