Kada Ki Kira Ranar Talata

Zuwa ga Mamana abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba. Ya ciwon bayansa? Ya zafi a Iowa? Mu nan lafiya lau.

Mama, alfarma nake nema: ranar Talata kada ki kira mu, ki kuma hana Baba. Ranar ce kulob ɗin ƙwallon Amurka da Wendell ke yi wa wasa zai rage 'yan wasa. Wanda zai ci gaba ba a ce masa komai, wanda aka sallama shi ake kira a waya.

Wendell bai nuna damuwa ba, amma na san mijina. Shekara shida yana layin gaba, yana tare ƙarti da ƙirjinsa don mai jifa ya samu sararin sakin ƙwallo. Ba a ambaton lambar rigarsa a lasifika sai ya yi laifi. Yanzu gwiwar ta fara gardama, ga kuma sabon ɗauka mai suna Tavita, kuma shi Wendell ɗin ne ke nuna masa inda zai dasa ƙafa. Na ce, "Kai, wanda zai ture ka kake koya wa?" Ya yi dariya ya ce, "'Yar littafi, babu mugu a wannan labarin. In yaron ya yi kuskure, haƙarƙarin mai jifanmu ne zai karye."

A littattafan da nake karantawa kiran waya ne ke kawo albishir. Ni shiru nake roƙo.

'Yarki,
Corinne

Zuwa ga Mamana,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Na gode da kuka daure. Wayar ta yi ƙara da hantsi, ina wanke-wanke.

Wendell ya je kulob ya miƙa musu kayansu, ya dawo da takalmansa a baƙar leda. Ni kuwa na tanadi kalaman rarrashi masu daɗi, irin na matan jarumai. Na kuma dafa abin da na saba, kaji biyu da tukunyar dankali, don kin san duk mako a kulob sai an ɗora Wendell a sikeli, in ya gaza laba ɗari uku a yi masa faɗa.

Ya ci cinya ɗaya ya ajiye cokali. Na tambaya ko baƙin ciki ne ya hana shi. Ya ce, "Corinne, ƙoshi na yi. Rabon da in tsaya don na ƙoshi tun ina jami'a." Duk kalaman nan nawa ban yi amfani da ko ɗaya ba.

Wakilinsa mai nemo masa aiki ya ce akwai wani kulob da ke neman mai irin jikinsa. Wendell ya shafa gwiwarsa, ya ce a yi musu godiya.

Muna nan tafe kafin girbin masara. Ki gaya wa Baba ya samu mai tuƙa masa tarakta. Kuma don Allah, Mama, na san halinki: ƙaramin faranti za ki sa masa, in ya ce ya isa kada ki ƙara.

'Yarki mai kewarki,
Corinne