San Laka Mai Jiran Garke

Abijan, 14 ga Yuni

Zuwa ga Lailatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ƙafarta? Ya Zakiru da karatun lakwal, ya autanmu Amiru? Ni lafiya lau, sai dai ruwa.

Yau kwana tara sama ba ta ɗauke ba. Ranar farko na bi maƙwabta ina yi musu barka da ruwa irin ta garinmu Dakoro, suka dube ni kamar mai taɓin hankali. Sun fi ni gaskiya, don mai shimfiɗa littattafai a bakin titi ba ya murna da hadari. Hajata tana cikin buhu, ni kaɗai ke karanta ta. Kada ki damu, ƙiba kawai na rage.

Jiya matar da nake haya gidanta ta bar mini jikokinta uku suna ta faɗa. Na ɗebo laka bayan gida. Babbar ta gina shanu, na tsakiya ya kafa musu ƙaho da tsinken tsintsiya, ƙaramar kuwa aikinta rushewa. Har la'asar ba wanda ya yi kuka, ni ne ma na kusa.

Kin ce Amiru ya ƙi karɓar wayata, wai bai san ni ba. Da gaskiyarsa. In ruwa ya sauka, kada ki hana shi wasan laka, Zakiru ya koya masa. Ki ce wa Amiru Babansa ya gina san laka guda, ba shi da garke. Ya gina mini shanun, da kaka zan kawo san da kaina.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Mijinki,
Sha'ibu