Kan Samah

Zuwa ga maigidana Abu Ramzi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, zafin Kuwait bai ƙone min kai ba. Mu nan Sohag lafiya lau, Ramzi da ƙanwarsa Samah suna gaishe ka.

Na ga saƙonka cewa in bi maganar mahaifiyarka Hajja a aske kan Samah saboda ƙwarƙwata. Abu Ramzi, ban taɓa ƙin maganarka ba, amma wannan kam na ƙi. Ka tuna 'yar maƙwabcinmu da aka yi wa ƙwal bara? Yara suka dinga kiranta soja har ta daina zuwa makaranta. Samah ta rantse in aka taɓa gashinta ita ma ta bar karatu ke nan, kuma ka san taurin kanta, naka ta ɗauko.

Hajja ta ce in ba aski ba to a zuba kananzir, wai haka aka yi musu. A gidan da ake toya burodi a tanda? Nan ma na ƙi. Kullum da hantsi nakan hau soro da ita, in shafa man zaitun da ruwan khal mai tsami, in taje da ƙaramin mataji, in murtsuke ƙwayayen da farce. Abin da ke ba ni haushi, ina gamawa suke dawowa, Hajja kuma tana gaya wa mata wai ƙazantar gidanmu na kawo.

Matarka,
Nagat

Zuwa ga Abu Ramzi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ashe ka sa ƙaninka ya kira wanzami a bayan idona? Wallahi na ji ciwo, har na yi kuka.

To ga abin da ba ka sani ba. Samah a gadon kakarta take kwana. Ranar Talata na ga Hajja tana cusa yatsa ƙarƙashin ɗankwali tana susa kamar mai haƙa rijiya. Wa ya isa ya ce wa Hajja tana da ƙwarƙwata? Sai na ce, "Mama, furfura ta fito, zo in sa miki lalle." Da ta tuɓe ɗankwalin, na ga inda garin nasu yake. Na sa ƙwarƙwata ɗaya a tafin hannunta.

Alhamis wanzami ya zo da rezarsa. Na tare shi a tsakar gida na ce, "Baba, masu ƙwarƙwata biyu ne a gidan nan. Ka fara da babba."

Hajja da kanta ta miƙe ta sallame shi, ko shayi bai sha ba.

Yanzu kai biyu nake tajewa a soro. Hajja ba ta yi min magana, amma takan sunkuya in na ce ta sunkuya. Samah ta tafi makaranta yau da kitsonta har gadon baya. In har yanzu kana so a yanke shi, ka zo da kanka ka kalli idonta.

Taka har kullum,
Nagat