Kada Ka Kunna Sifikar Dama

Yaya,

Yau Laraba da safe ana yayyafi, zaman ɗaki ya ishe ni, na ɗauko sifikunka. Na ji ƙaramin akwatin da kake haɗa su da shi ba ya ba da ƙara, sai na zare wayar nan mai jan haske, na jona su da tsohuwar amfilifayar Baba. Wallahi na manta suna da tasu a ciki. Ta hagu ta yi tas, ɗakin ya ɗauki ƙauri.

Na san jibi kake da aikin taro. Na tafi da ita wurin mai gyara, ba zan dawo ba sai ta yi magana. Don girman Allah kada ka kunna ta dama.

Abin da ya ƙone: sifika ɗaya, fis biyu, da gefen labulen Umma.