Ɗan Takarar da Ba Ya Shan Shayi

Asabar, 5 ga Maris, 2022

Dakta Elias ya kira ni da hantsi, ina tsakiyar wanki. Wai ya yanke shawara, zai nemi tikitin shugaban ƙasa a jam'iyyarmu, kuma ni yake so in riƙe masa matan Bauchi. Na yi dariya har sai da ya ce, "Sista Zubaida, ba wasa nake ba." Jam'iyyar da ko kansila ba ta da shi! Ya ce ya sani. Ba kujerar yake hange ba. So yake a tilasta wa manya su yi maganar matan da ke mutuwa wajen haihuwa, ko sau ɗaya ne, a gaban talabijin.

Na ce to. Ban ma shawarci maigidana, Baban Ni'ima, ba, bakina ya riga ni. Ta yaya zan ce a'a? Shekarun da na yi a ƙarƙashinsa a ɗakin haihuwa, kafin ya koma Abuja, da idona na ga ya kwanta an ɗebi jininsa an ƙara wa wata 'yar Zungur, ya tashi yana jiri ya koma ya ƙarasa mata ɗinki.

Talata, 8 ga Maris

Baban Ni'ima bai hana ba. Cewa kawai ya yi, "Kirista daga Bauchi? Allah ya ba da sa'a." Ban gaya masa sauran ba.

Sauran shi ne Dakta ba irin Kiristan da muka saba da su ba ne. Momon ne. A Yelwa aka haife shi, babansa dattijon coci ne har ya rasu, amma da ya je karatu Legas sai ya shiga wannan cocin da ya fito daga Amurka. Can ya auri Peculiar. Mu a asibiti iyakar abin da muka sani, ba ya shan shayi, ba ya shan kofi, kuma in ba naƙuda ce ta ɓaci ba, ba ka ganinsa ran Lahadi. Tsokanarsa muke yi da shi. Ban taɓa tambayarsa me suke karantawa ba. Ina ruwana a lokacin.

Laraba, 16 ga Maris

Ni da Peculiar mun je Yelwa wajen Fasto Elisha, neman ya ba mu dama mu yi magana da zumuntar mata. Ni a raina nan ne ba sai mun sha wahala ba, mutanen Dakta ne.

Ya karɓe mu da kyau, ya sa aka kawo mana kunun zaƙi. Sannan ya ce, "Elias ɗana ne, a hannuna ya girma. Amma ya bar mu. Sun ɗora wani littafi a kan littafi. Ba zan tsaya gaban jama'ata in ce musu Kirista ne ba." Peculiar ta ce, "Baba, sunan Yesu fa yana jikin ƙofar cocinmu." Ya ce, "'Yata, rubutu ne."

Muka hau keke har Gwallameji. Da za ta sauka ta ce, da Hausarta mai gargada, "Na saba. Uwar mijina ma haka."

To in su ba su ɗauke shi nasu ba, mu fa?

Alhamis, 24 ga Maris

Jibi Dakta zai zo gaida mahaifina, Baba Modibbo, a Ƙofar Wambai. In Modibbo ya sa albarka, rabin unguwa ta sa. Na roƙi Dakta a waya, in an miƙo masa shayi ya kai baki kawai ya ajiye. Dariya ya yi.

Asabar, 26 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Baba da kansa ya dafa shayin, abin da ba ya yi sai ga baƙon da ya girmama. Almajiran karatunsa manya, da maƙwabta, zauren ya cika. Ni ina zaune daga bakin ƙofar ciki. Dakta ya cire takalmi, ya durƙusa, gaisuwa tsaf kamar ɗan gida. Baba ya miƙa masa kofi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce a yi masa afuwa, ba ya sha. Baba ya ce, "Ciwon suga?" Da ma ya ce eh! Sai ya ce, "A'a Baba, addinina ne ya hana."

Daga nan babu wanda ya sake tuna asibiti. Baba ya yi ta tambaya a hankali, irin yadda yake yi wa mai neman fatawa. Dakta yana amsawa, bai ɓoye komai ba. Har aka zo inda ya ce sun yi imani Allah ya aiko wani annabi a Amurka. Baba ya ce, "Bayan Annabi Isa?" Ya ce eh. "Bayan Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam?" Ya ce, "A zamani, eh, Baba."

Wani ya yi salati da ƙarfi. Mutum biyu suka tashi suka fita. Baba ya sa aka kawo masa ruwa, ya yi addu'ar zaman lafiya, ya sallame shi da mutunci.

A bakin mota na ce, "Haba Dakta, kurɓa ɗaya fa!" Ya ce, "In na yi wa mahaifinki ƙarya a kan kofin shayi, me zai hana in yi wa ƙasa?" Magana ce mai kyau. Ji na yi kamar in shaƙe shi.

Lahadi, 27 ga Maris

Baba ya aika a kira ni. Ya ce, "Mutumin kirki ne, na gani a fuskarsa. Amma Kiristan da na sani, na san inda zan ajiye shi. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba. Kar ki sake kawo min shi zaure a kan siyasa. In ciwo ne, da ƙafata zan je wurinsa."

Ban yi musu ba. Ni ma ban yi barcin kirki ba da maganar annabin nan.

Talata, 12 ga Afrilu

Azumi, zafi, ga hira a rediyo. Ya zo da bayanansa a kan ƙauyukan da babu ungozoma ko ɗaya. Mai shirin ya ba shi dama ya fara, sai aka buɗe waya. Mata nawa addininku ya yarda a aura? Gaskiya ne ƙungiyar asiri ce? Amurka ce ta turo ka? Wani daga Dass ya ce shi Kirista ne kuma gara masa Musulmi. Wani ya ce shi Musulmi ne kuma gara masa Kiristan gaskiya. Karon farko da na ji sun haɗu a kan abu ɗaya.

Lokaci ya ƙare bai gama jimlarsa ta farko ba.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Wata murya tana yawo a Wasap. Wai lokacin da yake asibitinmu, yakan shiga ɗakin ajiye gawa ya yi wa gawarwakin Musulmi baftisma. Ƙanwar Baban Ni'ima ce ta turo min, da alamar tambaya kawai.

Ƙarya ce. Mutumin da in mace ta rasu a hannunsa ba ya iya cin abinci.

Asabar, 23 ga Afrilu

Na kira Peculiar, ina zaton za ta ce babu ko ƙamshin gaskiya. Sai ta ce ai ba haka ake yi ba. Ba a taɓa gawa. A babban ɗakin ibadarsu na Aba, mai rai ne yake shiga ruwa a madadin kakanninsa da suka mutu, na jininsa, kuma mamacin yana da zaɓi ya karɓa ko ya ƙi.

Na ce mata na gane. Ban gane ba. Yanzu in na ce wa mutane ƙarya ce zalla, na san akwai wani ɗan abu a ƙasa. In na tsaya bayani kuwa, wa zai saurara har ƙarshe?

Alhamis, 28 ga Afrilu

A ɗakin haihuwa wata tsohuwa ta ce kar nas ɗin Momon ta taɓa mata suruka. Ni ke nan. Da azumi a bakina.

Talata, 3 ga Mayu

Sallah babu daɗi. Ni'ima ta ƙi fita yawo, wai ƙawayenta suna tambayarta ko mamanta ta bar addini. Baban Ni'ima ya dawo daga majalisa fuska a ɗaure. Bai ce in bari ba. Ya ce, "Ke kin san ba zai ci ba, shi ya san ba zai ci ba. To mu me muka yi?"

Asabar, 14 ga Mayu

Zungur. Na tafi da ƙarfina, don a nan ko ba komai akwai Mas'uda, wadda ya ba jininsa. Yaron da ta haifa ranar har ya isa kiwon awaki.

Matan sun taru a gidan mai unguwa, suka saurare ni da ladabi, babu wadda ta yi tambaya. Da aka watse Mas'uda ta ja ni bayan rumbu. Na zaci saƙon gaisuwa za ta ba ni. Sai ta ce, "Sista, don Allah ki gaya min tsakaninki da Allah. Jinin nan nasa da ke jikina, sallata tana karɓuwa?"

Na ce mata jini ba shi da addini, kuma ma tuni jikinta ya canza shi da nata. Na ce ta je ta tambayi kowane malami. Ta ce, "Alhamdulillahi, tun da ya fita." Ta yi ajiyar zuciya, har da murmushi.

Na yi kuka a mota. Direba ya yi kamar bai gani ba.

Lahadi, 22 ga Mayu

Dattawan jam'iyya sun ba shi shawara ya je cocin babansa ran Lahadi ɗaya, a ɗauki hoto, shi ke nan. Ya ƙi. Mutanen Alhaji Sabitu, abokin takararsa, da farko sun yi maganar ba shi mataimaki in ya janye. Yanzu sun fasa. Wai su Kirista suke nema wanda zai kawo Kiristoci, shi kuwa ba zai kawo kowa ba.

Ni ma na roƙe shi. Eh, na roƙe shi ya je a ɗauki hoton. Ya ce, "Har ke, Sista?" Na ce matan da kake magana a kansu ba su fi hoto ba? Ya ce zai yi addu'a a kai. Na san amsar.

Laraba, 8 ga Yuni

Abuja, zaɓen fidda gwani. Ya yi jawabinsa, mafi kyau da na taɓa ji daga bakinsa. Ya kira sunayen ƙauyuka, ya faɗi yadda ake ɗauko mai naƙuda a amalanke. Wakilai suna ta hira, wasu suna rabon abinci, wani a bayana yana cewa, "Shi ne mai wankan gawa?" Kyamarar talabijin ɗaya ce, ita ma tana kallon Alhaji Sabitu.

Na jefa masa ƙuri'ata, Allah shaida. Da aka ƙirga, abin da ya samu a duk ƙasar bai kai yawan matan da na cika mota da su daga Bauchi ba. A hanyar dawowa kowacce tana rantsuwa ita shi ta zaɓa.

Juma'a, 10 ga Yuni

Ya kira ya yi godiya. Muryarsa lafiya lau, har yana tambayar Baba da ciwon ƙafarsa. Ya koma aiki tun jiya. Ya ce wataƙila a zamanin 'ya'yanmu abin zai canza. Na ce wataƙila.

Litinin, 4 ga Yuli

Gida ya yi sanyi. Ni'ima ta koma dariya.

Asabar, 15 ga Oktoba

Na daɗe ban yi rubutu ba. Jam'iyya ta bar ni a kan matan Bauchi, yanzu aikin Alhaji Sabitu muke yi, shi ya samu tikitin. Ban taɓa zama da shi ba. Na tambayi ofishinsa me ya tanada wa asibitocin ƙauye, an ce za a turo min.

Yau Zungur. Gidan mai unguwa, matan nan dai. Na fara maganar ungozoma da motar ɗaukar marasa lafiya, na ga idanunsu suna lumshewa, wata ta fara kaɗa wa ɗanta zani. Ban shirya ba, sai kawai na ji na ce, "Wannan dai namu ne. Alƙiblarmu ɗaya, ba sai kun yi tambaya ba."

Guɗa ta tashi. Mas'uda ce ta fara. Suka rako ni har mota, wata ta ba ni gyaɗa a ƙullin leda. Ban taɓa yin taro mai sauƙin wannan ba.

Ai ba ƙarya na yi ba, mutumin yana sallah.

Peculiar ta turo saƙo da yamma, za su shigo Bauchi sati mai zuwa, suna so su biyo su gaishe mu. Na rubuta mata ina da aikin kwana duk satin. Gobe zan ga Metiron, shugabarmu a asibiti, ko za ta sa ni aikin kwanan.