Ƙafar Malam da Kafson 'Yan Dubiya

Zuwa ga jami'in da aka ɗora wa sa ido kan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a asibitocin Talata Mafara, Bakura da Maradun.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina aiki, ina iyali? Ina fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Ni malamar firamare ce a Faru. Na kwana biyu ina zaune a kan tabarma a gefen gadon maigidana, a ɗakin maza na asibiti, inda ake shawara a kan ƙafarsa ta dama, ko a bar masa ita ko a yanke.

A nan na ji ka a rediyon wani majinyaci. Ka ce ma'aikatanka sun zagaye asibitocin yankin nan, sun ƙirga maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa, wanda mu muke kira kafso, sun ga ya ragu, wai alama ce jama'a sun waye. Ɗakin nan ya yi dariya har wani tsoho da ake yi wa ƙarin ruwa ya ce a riƙe masa hannu kada allurar ta fice. Na ga bai kamata mu yi dariyar mu kaɗai ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Na farko. Gaskiyarka, ya ragu. Abin da babu shi dole ya ragu. Ka je tagar ɗakin magani da takardar likita, za a ce maka ya ƙare, ka tsallaka titi. Kantunan kemis da ke tsallake su ne ke shayar da garin nan magani, su da masu tire a kasuwar ranar Talata. Ma'aikatanka ba su tsallaka ba. Sun tsaya inda akwai kujera da fanka.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe. Malam, wato maigidan nawa, manomin shinkafa ne. Tun da aka tare gulbi a Bakolori ruwa ya ci gonakin mahaifinsa, aka ba su fili a bakin kanal, wato magudanar ban-ruwa, rabin rayuwarsa a cikin ruwa take. Lokacin dashen bana ya taka tsohon ƙarfe a cikin taɓo, ga shi da ciwon suga. Ya ce ba komai. Da ƙafa ta kumbura ya kwanta a zaure, aka fara zuwa dubiya.

Ban sani ba ko a unguwarku da lemo da ayaba ake zuwa dubiya. Mu nan mutum laluba saman taga yake yi, ya ɗauko ragowar kafson da ya bari lokacin da ya ji sauƙin tasa cutar, ya ƙulle a leda ya taho. Ba rowa ba ce, ƙauna ce, abin da ya fi daraja a ɗakinsa ya kawo. Majinyaci kuma ba ya cewa a'a. A gaban mai kawowa zai haɗiye, ya ce Allah ya saka da alheri, don kada a ce ya raina mutane.

Baffansa ya zo daga Bakura da ja-da-yalo, ragowar jinyar basur ɗinsa. Ladanin masallacinmu ya kawo ja-da-baƙi, ya ce shi ya buɗe masa murya da azumi. Wani abokin noma ya kawo wasu farare, ya rantse su suka tayar da ragonsa ana gobe Sallah. Wani ma bai yarda da haɗiya ba, buɗe kafson ya yi ya barbaɗa garin a kan mikin kamar mai sa wa tsire yaji.

Ni ina cikin gida, zaure kuwa na maza ne. Na yi magana, na yi faɗa ta bayan katanga har maƙwabta suka ce boko ya taɓa ni. Malam ya ce, "Haba Malama, dattijo ya taso tun daga Bakura bisa babur, in ce mai mi?" Abin da na iya ƙwacewa daga ƙarƙashin matashinsa na zuba a langa. Ta kusa cika, launi-launi, kamar alawar yara.

Na karanta, kuma kai ka fi ni sani, cewa in ana ba ƙwayar cuta magani kaɗan yau, wani iri gobe, ba mutuwa take yi ba, karatu take yi. Ni malama ce, na san ɗaliba mai ƙwazo in na gan ta. Wadda ke ƙafar Malam ta yi firamare a hannun Baffa, ta yi sakandare a hannun ladan, ta ƙarasa a hannun mai rago. Kafin mu kawo shi asibiti ta fi mu duka ilimi.

Na uku. Likitar da ta karɓe mu ta tambaye shi wane magani ya sha. Ya fara lissafo mata launuka kamar mai sayen zaren saƙa. Na miƙa mata langa. Ta buɗe, ta yi salati, ta rufe. Ta gwada magani, miki bai ji ba. Ta canza wani, ya ƙara wari, baƙi ya fara haurowa daga yatsa. Ta ɗebi mugunya don a gwada wane magani zai kama ta, sai aka ce babu wurin wannan awon a kusa, sai an kai birni. Muka zauna jiran sakamako, ƙafa ba ta jira ba.

Da sakamakon ya dawo, aka ce allura iri ɗaya ce kaɗai ta rage da ƙwayar nan ba ta haddace ba. A ɗakin magani babu. Na tsallaka titi. Mai kemis bai ko kalli takardar ba. Ya ce ai wannan ita ke tashe yanzu, masu mura suna yi, masu gajiyar yankan shinkafa suna yi, guda ɗaya a ɗuwawu sai mutum ya miƙe. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ma da alama kin gaji, in yi miki guda?"

Ranka ya daɗe, abu na ƙarshe da ya tsaya tsakanin maigidana da wuƙar likita ke nan, ana rabar da shi ga masu atishawa. Kuma tunda a waje na saye ta, ita ma ba ta cikin ƙidayarka. A wurin ma'aikatanka, Malam mutum ne mai wayewa wanda bai sha komai ba sai farasitamol.

Ga roƙona. Ka sa a kawo magani asibiti kafin ka sake yabon mu da ƙin shan sa. Ka tura masu ƙidayarka kantunan kemis da kasuwa, su tafi da hula saboda rana. Ban ce a kulle kantunan ba, don in aka kulle su yau ba mu da inda za mu. A hana su dai taɓa allurar nan sai da takardar likita. A samar mana wurin awo a ɗaya daga cikin garuruwan nan uku. Sannan ka zauna da limamanmu, su faɗa a huɗuba cewa wanda aka rubuta wa magani ya shanye abinsa, kada ya raga wa kowa. In maganar ta fito daga mumbari, majinyaci zai samu bakin cewa a'a ba tare da ya ɓata da baffansa ba. Takardar da kuke mannawa a bango da Turanci ba za ta yi masa wannan ba.

Na fara wasiƙar nan kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, ina ƙarasa ta bayan an fito. Alhamdu lillahi, allurar ta kama, ƙafa ta tsaya. Babban yatsa dai ya tafi, kuma likita ta ce shi da ruwan kanal sai kallo daga kan kunyar gona. Yana kwance yana tambayata wa zai yi masa dashe baɗi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da cutar da ta yi karatu, ya sa ka gama da kujerar nan da ƙafafunka biyu. In za ku sake fitowa ƙidaya, ku fara da gadon da ke kusa da ƙofa, ku ɗaga mayafi ku ƙirga yatsun ƙafafun Malam. Tara ne. Wannan ma ya ragu, sai ka faɗa a rediyo.

Wassalam.

Malama Ladidi,
Faru.